Wasiƙar da Muka Rubuta Kan Magudanar Ruwan Garinmu

Allon kwangilar yana nan har yau a bakin hanyar da ta gangara zuwa fadamar garinmu. Rana ta cinye fentinsa, amma idan mutum ya matsa kusa zai iya karanta sunan hukumar gwamnatin tarayya da ta bayar da aikin, da sunan kamfanin da ya karɓa, da wa'adin da aka ɗibar masa. Abu ɗaya ne ba a rubuta ba, wato adadin kuɗin. Aikin kuwa shi ne a gyara tsohuwar madatsar ruwanmu, a kuma ja magudanar siminti daga gindinta zuwa gonakin noman rani, inda mutane ke shuka albasa da tumatir da alkama. Kamfanin ba ƙarami ba ne, yana da ayyuka a jihohi da dama, kuma ranar da katafilolinsa da tifofinsa suka shigo gari sai da yara suka bi su da gudu suna murna. Sun yi rani ɗaya suna aiki, ruwan farko na sauka suka kwashe kayansu, aka ce za su dawo da kaka. Kaka uku ta wuce ba mu ga ko ƙurar motarsu ba.

Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne an rushe tsohuwar magudanar ƙasa da iyayenmu suka haƙa domin a ɗora sabuwa a gurbinta, saboda haka masu gonaki a can ƙasan fadama suka tashi ba tsuntsu ba tarko. Wasu suka koma sayen fetur suna janyo ruwa da inji har ribar ta ƙare a bakin injin, wasu kuma samarinsu suka tafi cirani. A majalisa kowa da tasa maganar. Wani ya ce gwamnati ce ba ta biya kamfanin ba, wani ya rantse cewa an biya kuɗin duka an raba, amma babu mutum ɗaya a cikinmu da ya taɓa ganin takarda ko guda da ta shafi aikin da aka ce dominmu ake yi.

Ni ne sakataren ƙungiyar manoman rani ta garinmu, kuma kafin nan na yi shekara 35 ina aikin gwamnati, mafi yawansu a sashen ajiyar fayiloli. Ranar da aka ɗauke ni aiki na yi rantsuwar riƙe sirri, aka kuma nuna mini cewa akwai Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 wadda za ta hau kan duk ma'aikacin da ya fitar da takarda ba da izini ba. Da hannuna na buga hatimin sirri a kan fayilolin da ba zan iya ƙirga su ba, har da waɗanda babu komai a cikinsu sai lissafin sayen takarda da tawada. Wannan tarbiyya ta shiga jikina sosai, shi ya sa lokacin da dagaci ya tara mu a zaurensa ya ce, "Malam, kai ne ka san kan ofis, ina za mu dosa?" na amsa masa da abin da na yi imani da shi a lokacin, na ce, "Ranka ya daɗe, takardar kwangila ba ta fita daga fayil."

'Yar ƙanwata ce ta gyara mini wannan kuskure. Lauya ce, ta zo gaishe mu da salla, ta ji ina ba da labarin, sai ta ce, "Kawu, wannan zamanin ya wuce tun 2011." Ta buɗe wayarta ta nuna mini Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. Na ji sunan dokar a rediyo ina bakin aiki, amma na ɗauka ta 'yan jarida ce kawai, kuma a ofishinmu babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya karanta mana ita. Daga baya na san cewa an daɗe ana gwagwarmaya kafin a same ta, domin tun 1993 ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a da ƙungiyar 'yan jarida suka fara tsara ta, aka kai ta majalisa a 1999, majalisa ta amince da ita a 2007 amma Shugaba Obasanjo ya sauka bai sa hannu ba, sai da aka sake sabon lale.

Na sa aka buga mini dokar a shagon fotokofi, na yi dare uku ina karanta ta da alƙalami a hannu. Sashe na 1 ya ba kowane mutum ikon neman bayanin da ke hannun hukumar gwamnati, ya kuma ce ba dole ba ne mai nema ya faɗi dalilinsa ko ya nuna yadda abin ya shafe shi. Sashe na 4 ya ba hukuma kwana 7 ta bayar da bayanin ko ta rubuta dalilin hanawa, sashe na 6 ya yarda a ƙara wasu kwanakin da ba su wuce 7 ba idan takardun suna da yawa. Wanda ya fi girgiza ni shi ne sashe na 28, wanda ya ce kasancewar an buga wa takarda hatimin sirri bai isa shi kaɗai ya hana a bayyana ta ba. Akwai kuma tanadin da ya dace da mutanenmu ƙwarai, wato wanda bai iya rubutu ba yana iya nema ta hannun wani, ko ya faɗa da baki jami'in hukuma ya rubuta ya ba shi kwafi.

Rubuta wasiƙar ya ɗauke mu kusan mako guda, kuma a nan ne tsohon aikina ya yi amfani. Daftarin farko da matasan ƙungiya suka kawo cike yake da zafin rai, suna tambayar ina kuɗinmu suka shiga, wa ya cinye su. Na ce musu wasiƙa irin wannan tana sauka a tebur za a rubuta a gefenta cewa ƙorafi ne, a jefa ta cikin fayil ɗin ƙorafe-ƙorafe, ita ke nan. Hukuma ba ta ajiye amsar tambaya, takarda take ajiyewa, don haka dole a kira kowace takarda da sunanta. Muka nemi kwafin takardar bayar da kwangilar, da yarjejeniyar da aka sa wa hannu, da jadawalin da ke nuna tsawon magudanar da yawan siminti da rodi da farashin kowanne, da baucocin duk kuɗin da aka biya tun daga kafin alƙalami, da takardun shaidar ci gaban aiki waɗanda injiniyan hukuma ke sa wa hannu kafin a fitar da kowane kaso na kuɗi. Muka rubuta wa shugaban hukumar a hedikwatarta da ke Abuja, muka kuma rubuta wata wasiƙar ga kamfanin, tunda dokar ta sa kamfanoni masu zaman kansu da ke amfani da kuɗin jama'a cikin waɗanda za a iya tambaya.

Wasu dattawa sun ja ni gefe bayan sallar isha'i, suka ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, masu wannan kamfani manya ne, a bar kaza cikin gashinta. Ban raina maganarsu ba, domin tsoronsu yana da tushe. Na dai ce musu wasiƙar ba ta zargi kowa ba, takarda kawai ta nema, kuma sunana ne a ƙasanta.

Na shiga motar asuba zuwa Abuja da kwafi biyu na kowace wasiƙa a cikin jakar leda. A ƙofar hukumar masu gadi suka tambaye ni wurin wa na zo, na ce sashen karɓar wasiƙu, suka ce in bar ta a hannunsu za su miƙa. Na ƙi, domin na san wasiƙar da aka bari a bakin ƙofa ba ta da ranar shiga, kuma wadda ba ta da ranar shiga ba a iya ƙirga mata kwana bakwai. Bayan kusan awa biyu a kan benci aka bar ni na hau sama. Ofishin kamar wanda na baro ne, da kabad-kabad na ƙarfe, da fayiloli ɗaure da jan zare, da babban littafin rajista a buɗe a kan tebur. Akawun matashi ne, ya karanta kan wasiƙar sau biyu, ya ɗago ya ce, "Baba, irin wannan sai oga ya gani kafin a karɓa, ka bar ta ka dawo jibi."

Na ce masa, "Ɗana, na zauna a irin kujerar nan shekaru da yawa. Ba amsa nake nema a wurinka ba, amsa aikin oga ne. Naka aikin shi ne ka shigar da ita a littafi, ka buga mini hatimi a kwafina, ka rubuta kwanan wata, ka sa hannu." Ya yi shiru yana jujjuya biro. Na gane abin da yake tsoro, domin ni ma na taɓa jin irinsa, wato kada gobe a tambayi wanda ya karɓi takardar da ta jawo magana. Sai na buɗe masa sashe na 27, wanda ya kare ma'aikacin da ya bayar da bayani da kyakkyawar niyya a ƙarƙashin dokar daga tuhuma ko ƙara, na ce idan wanda ya bayar ma yana da kariya, ina ga wanda ya karɓi wasiƙa kawai. Ya jawo aljihun tebur, ya fito da hatimin, ya ga tawadar ta bushe, ya ɗiga mata ruwa kaɗan daga gorarsa, ya gwada a bayan wata tsohuwar ambulan, sannan ya buga a kan kwafina. Shuɗin bai fito sosai ba, sai na roƙe shi ya bi kwanan watan da biro, ya kuwa bi. Wannan takarda ce ta riƙe duk abin da ya biyo baya. A ofishin kamfanin ko ƙofa ba a bar ni na wuce ba, don haka na aika musu ta kamfanin kai saƙo na ajiye rasit, kuma har yau ba su amsa ba.

Kwana bakwai suka cika shiru. Muka ƙara wasu bakwai ko za su ce suna neman ƙarin lokaci, nan ma shiru. A sashe na 7 shirun hukuma bayan cikar wa'adi daidai yake da hanawa, kuma sashe na 20 ya ba mai nema kwana 30 ya kai maganar kotu, saboda haka lissafin kwanaki ya zama aikina na kullum, ina yi a jikin kalandar ɗakina. Muka aika takardar tuni. A mako na uku sai ga amsa mai sakin layi biyu, wadda ta ce takardun da muka nema na sirri ne, kuma suna ɗauke da sirrin kasuwancin wani ɓangare na uku wanda bayyana shi zai cutar da shi.

Gaskiya ne dokar ta keɓe wasu abubuwa, kamar bayanan tsaron ƙasa da hulɗa da ƙasashen waje, da binciken laifi da ake cikin yi, da bayanan rayuwar mutum, da sirrin sana'a. Ban ga laifin wannan ba, domin babu gwamnatin da za ta yi aiki ba tare da wani sirri ba. Amma tsawon magudanar ruwa da aka haƙa a gonar mutane da rana tsaka, da kuɗin baitulmali da aka biya a kanta, ba zai zama sirrin sana'ar kowa ba. Ko da a ce akwai layi ɗaya ko biyu da suka cancanci a ɓoye, sashe na 18 ya ce a cire su a ba da sauran. A wannan amsa na ga yadda babbar hukuma da babban kamfani ke fakewa da juna, hukuma ta ce sirrin kamfani ne, kamfani ya yi gum ya bar hukuma ta yi magana a madadinsa.

Zuwa kotu shi ne mataki mafi nauyi a kanmu. 'Yar ƙanwata ta ce ba za ta karɓi ladan aikinta ba, amma akwai kuɗin shigar da ƙara da na rantsuwa da na mota, don haka aka yi karo-karo, wanda ba shi da kuɗi ya kawo kwandon albasa aka sayar. Muka shigar da ƙarar saura kwana biyar wa'adin ya cika. Abin da ya ƙarfafa mana gwiwa shi ne sashe na 24, wanda ya ɗora wa hukuma nauyin tabbatar da cewa tana da ikon hanawa, maimakon a ce talaka ne zai tabbatar da cewa ya cancanci sani. A zama na farko lauyan hukumar bai zo ba, a na biyu ya zo ya nemi lokaci. Kafin zama na uku sai aka kira 'yar ƙanwata a waya aka ce ta zo ta karɓi saƙo. Ina jin an duba an ga cewa ba za a iya kare waccan amsa a gaban alƙali ba, ga kuma tarar naira 500,000 da dokar ta tanada ga jami'i ko hukumar da aka samu da laifin hana bayani ba bisa ƙa'ida ba. A ganina wannan tara ta yi kaɗan ƙwarai idan aka gwada ta da girman kwangilolin da ake ɓoyewa, amma babu daraktan da ke son a rubuta sunansa a cikin hukuncin kotu.

Ba duk abin da muka nema aka ba mu ba. An ba mu takardar bayar da kwangilar, da jadawalin aikin, da takardun shaidar ci gaban aiki guda biyu, aka riƙe baucocin. Muka biya kuɗin fotokofi kawai, kamar yadda sashe na 8 ya tanada. Na kawo su gida, muka shimfiɗa tabarma a zauren dagaci, na riƙa karantawa ina fassarawa. Da na kai takardar shaida ta biyu, wadda ta nuna cewa an kammala fiye da rabin magudanar, sai zauren ya yi tsit, domin kowa a wurin ya san inda simintin ya tsaya, dab da tsamiyar da ke gefen gonar liman.

Gani ya kori ji, don haka washegari da sassafe muka fita da tef ɗin awo da muka aro a wurin wani magini, da turaku, da littafi. Samari biyu suna ja, ɗaya yana kafa turke, ni ina rubutawa, wani yaro kuma yana ɗaukar hoto da waya a kowane turke na goma. Kafin azahar muka isa tsamiyar. Abin da muka auna bai kai kashi ɗaya cikin uku na tsawon da ke cikin jadawalin ba. Kwalbatoci biyu da takardar ta ce an gama, ɗaya rami ne da rodi a tsaye ya yi tsatsa, ɗayan kuwa ko haƙa shi ba a yi ba. Muka sake awon washegari daga ƙasa zuwa sama don kada a ce mun yi kuskure, lissafin ya fito daidai da na farko.

Gurbin baucocin da aka hana mu, wani malamin makaranta ne ya taimaka muka cike wani ɓangarensa. Tun watan Disamba na 2019 gwamnatin tarayya ta buɗe shafin intanet na baitulmali inda ake wallafa manyan kuɗaɗen da ma'aikatu da hukumomi suka biya, kuma a can ya tono biya biyu da sunan kamfanin, a ranakun da suka zo kusa da na takardun shaidar. Muka kuma duba rajistar Hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, wadda dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfanoni su bayyana mata mutanen da ke da iko na ainihi a cikinsu, domin mu san ko da wa muke magana.

Daga nan sai tambayar wa za a kai wa. A takarda ƙasar nan ba ta rasa masu sa ido ba. Sashe na 88 na Kundin Tsarin Mulki ya ba Majalisar Tarayya ikon bincike domin tona rashawa da almubazzaranci, akwai hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC da aka kafa a 2000 wadda ta fara bibiyar ayyukan mazaɓu a 2019, akwai kuma Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya. Sai dai da na karanta sashe na 85 na ga wani giɓi da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon aikina, wato Babban Mai Binciken ba ya binciken asusun hukumomi da kamfanonin gwamnati da doka ta kafa kai tsaye, jerin masu bincike yake ba su su zaɓa, ya yi tsokaci a kan rahoton, ya kuma riƙa leƙawa lokaci-lokaci. Idan aka tuna cewa kamfanin mai na NNPC, wanda aka kafa a 1977, bai wallafa wa jama'a rahoton kuɗinsa da aka bincika ba sai a 2020, za a gane cewa ƙaramar magudanarmu ba za ta taɓa faɗowa a idon kowa ba sai mun ɗauke ta mun kai da kanmu. Jami'in da ke zaune a Abuja takardar shaida kawai yake gani, da hatiminta da sa hannunta, babu abin da zai nuna masa cewa simintin ya tsaya a gindin tsamiya.

Muka haɗa fayil mai kwafi uku, kowanne da wasiƙarmu mai hatimi, da amsar hanawa, da jadawalin, da takardun shaidar, da awonmu, da hotuna. Muka kai ɗaya ga wata hukumar yaƙi da rashawa, ɗaya ga wani kwamitin majalisa, muka ajiye ɗaya a wurin dagaci. A kowane wuri na tsaya sai da aka buga mini hatimi. Daga ɓangare ɗaya ba mu ji komai ba. Daga ɗayan kuwa, bayan wata huɗu, sai ga mota da mutum uku, ɗayansu masanin ƙididdigar gini, suka ce a kai su wurin aikin. Suka yi nasu awon da nasu kayan, babbansu ya karɓi littafina ya gwada lambobin, ya ce, "Baba, wa ya koya muku wannan?" Na ce masa jadawalin ne ya nuna mana abin da za mu auna.

Abin da ya gudana tsakaninsu da hukumar da kamfanin ba a sanar da mu ba, kuma ban ji an gurfanar da kowa ba, wanda hakan yana damuna har yanzu, domin akwai hannun da ya sa hannu a waccan takardar shaida. Amma da rani ya kama sai ga tifofi sun dawo, ba da yawan na farko ba. An gina kwalbatocin biyu, an ja simintin ya wuce tsamiya da nisa, ruwa ya kai ga gonakin da suka yi shekara huɗu ba su gan shi ba, har wasu daga cikin samarin da suka tafi cirani sun dawo sun yi alkama. Ƙarshen magudanar, wanda ya shafi gonakin can ƙasa, har yanzu ƙasa ce tsirara, kuma ma'aikatan sun sake janyewa.

A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta shafi gwamnatocin jihohi ma, bayan shekarun da wasu jihohi suka yi suna cewa ta tarayya ce kaɗai, don haka ƙungiyar mata masu sarrafa shinkafa ta zo ta ce in taya su rubuta tasu wasiƙar kan hanyar da ta haɗa mu da kasuwa. Na zaunar da sakatariyarsu, ita ta rubuta da hannunta, ni na duba. Tamu wasiƙar ta biyu kuma, wadda ke neman baucocin da aka riƙe da takardar shaida ta uku, na kai ta Abuja ranar Litinin da ta wuce. Akawun nan ne na tarar, ya gane ni, ya tashi ya ba ni kujera, ya jawo littafin rajista tun kafin in buɗe jaka. Yau kwana huɗu ke nan da buga hatimin.